Kafin a shiga da Inna tiyata: yadda muke shirya huhunta

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau likita ya sa rana. Talata 4 ga Fabrairu za a cire wa Inna matsarmama. Hoton cikin da aka sake ɗauka ya nuna duwatsu sun cika ta, kuma ciwon da yake murɗe ta a ƙasan haƙarƙarin dama duk sanda ta ci maiƙo ba zai rabu da ita ba sai an yi aikin. Buɗe ciki za a yi, yankan zai bi ƙasan haƙarƙari. Inna abu ɗaya ta tambaya: za ta miƙe kafin azumi? Ya ce in Allah ya yarda, akwai lokaci.

Na ɗauka daga nan sai maganar kuɗi da neman wanda zai ba da jini. Sai ya rubuta 'yar takarda ya ce mu kai ɓangaren gashi, wato masu gashin ƙashi da koyar da motsa jiki. Na ce, "Likita, ai ba ƙashi ke damunta ba." Ya ce saboda ƙirjinta ne. Shekarunta 63, tana da jiki, kuma ya lura da hakin da take yi daga hawa 'yan matakalar ofishinsa. An ba mu jibi.

Na buɗe wannan rubutu don kada in manta abin da ake gaya mana, kuma don Yaya da ke Kaduna ya riƙa ganin inda muke a nan Kano, ba sai na maimaita masa a waya ba.

Laraba, 8 ga Janairu

Mun yi kusan minti arba'in da likitar gashi, matashiya ce da ba za ta girme ni ba. Tambayarta ta farko ta sosa wa Inna rai: "Hajiya, kina shan taba?" Inna ta gyara mayafi ta ce, "Subhanallahi, 'yar nan, ni?" Ta ba ta haƙuri, ta ce kowa ake yi wa tambayar, sannan ta tambayi da me take girki. Nan magana ta fito. Sama da shekara talatin Inna tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, da itace, daga idar da sallar asuba har hantsi, fuskarta a kan kasko. Ga turaren wuta da ba ta kwanciya sai ta turara ɗaki, ga maganin sauro na kunnawa. Likitar ta ce a wurin huhu duk hayaƙi ne.

Sai ta juya katinmu ta yi zane a baya. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata faffaɗar tsoka mai siffar kifaffiyar ƙwarya, ita ke ɗauke da mafi yawan aikin numfashi. In ta sauka, huhu ya buɗe, iska ta shiga. Hanta tana jingine da ita ta dama, matsarmama kuma tana manne a ƙasan hanta. Wato inda za a yanka nan ne yake motsi duk lokacin da mutum ya ja dogon numfashi. Bayan aiki jiki da kansa yake gudun wannan zafin, sai ya koma shaƙar iska kaɗan-kaɗan ta saman ƙirji, har yawan iskar da mutum zai iya ja ya ragu da kusan rabi a kwanakin farko. Tun kafin nan ma maganin barci ya riga ya sa wani ɓangare na ƙasan huhu ya manne, abin da ke faruwa ga kusan tara cikin goma na waɗanda aka sa barci. Inda ya manne kaki yake taruwa, inda kaki ya kwanta ƙwayoyin cuta suke samun gida, daga nan sai zazzaɓi da limoniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ajiyar zuciya. Ta ce mai lafiya yana yin ta kusan duk minti biyar ba tare da ya sani ba, kuma ita ce take sake buɗe 'yan ƙananan jakunkunan iskar da suka fara mannewa. Ni duk rayuwata na ɗauka alamar damuwa ce kawai. Zafin yanka da magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ɗauke ta, don haka dole majinyaci ya riƙa yin ta da gangan.

Ga yadda ta koya mata. A zauna a miƙe, kafaɗu a sake, hannu ɗaya a saman ciki. A ja iska ta hanci a hankali har hannun ya ɗaga, gefen haƙarƙari ya buɗe. A riƙe, a ƙirga uku. A saki ta baki, ba gaggawa. Goma, a huta, a ƙara goma. Bayan haka a rungume filo daidai inda za a yanka, a buɗe baki a yi huci irin wanda ake yi wa madubi kafin a goge shi, sannan tari mai ƙarfi sau uku. A gida sau biyar a rana ya isa. Bayan aiki kuwa duk awa ɗaya, muddin tana farke.

Na tambaye ta ko wata ɗaya zai gyara huhun da ya sha hayaƙin shekara talatin. Ta ce ba ta yi mini wannan alkawari ba. Abin da take so shi ne jikin Inna ya haddace, domin wanda ya farka daga maganin barci, ga jiri ga zafi, ba ya iya koyon sabon abu.

Da daddare na nemi wani bincike da ta ambata a kan amfanin wannan atisaye. Mujallar likitoci ta BMJ ce ta wallafa shi a 2018. An yi shi a asibitoci uku a Ostireliya da Niyuzilan, a kan mutum 441 da za a yi wa aiki a saman ciki. Duka an ba su ɗan littafin bayani, amma rabinsu an ƙara musu zama ɗaya na rabin awa da likitan gashi kafin aikin, irin wanda muka yi yau. A cikin waɗannan matsalar huhu bayan aiki ta ragu da rabi. A lissafinsu, duk mutum bakwai da aka koya wa, ɗaya ya kuɓuta. Na daɗe a kwance ina tuna mutanen da na sani da aka ce aiki ya yi kyau, sai ƙirji ya kama su.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ranar farko a gida ba ta yi daɗi ba. In Inna ta ja iska sai kafaɗunta su tashi har kunne, cikin kuma ya lotsa, akasin abin da ake so. Na kwantar da ita a tabarma, na ɗora mata ƙaramin faranti a ciki, na ce ta ɗaga shi da numfashi. Ta kasa. Na ce ta tuna yadda ladan yake cika cikinsa da iska kafin ya ɗaga murya. A karo na shida ko na bakwai farantin ya motsa.

Mun ɗaura atisayen a kan salloli biyar, tunda su ne abin da ba ta taɓa mantawa. Tana sallamewa, ta gama lazimi, sai ta koma kujera. Da carbinta take ƙirgawa. Azahar ina makaranta, na bar wa jikanta na wajen Yaya amanar tunatarwa.

Asabar, 11 ga Janairu

Na samo na'urar atisayen numfashi mai ƙwallaye uku a kantin magani. Bututu uku ne a jere, kowanne da ƙwallo a ciki, an rubuta 600, 900, 1200, ma'aunin saurin iskar da aka ja. Akwai 'yar roba da ake sa wa a baki.

Inna ta karɓa ta hura da iya ƙarfinta. Ko ɗaya bai motsa ba. Ta sake hurawa har idonta ya yi ja. Wadda ta yi shekara talatin tana hura wuta, in ka miƙa mata bututu hurawa za ta yi. Na ce zuƙa ake yi, kamar mai shan lemo da tsinke. Ƙwallon farko ya yi tsalle ya faɗo, ta yi dariya har da tafa hannu.

Likitar ta riga ta gargaɗe ni kada mu mai da abin gasar ɗaga uku. Fizgar iska da ƙarfi tana buga ƙwallayen sama na ƙiftawar ido, amma iskar ba ta isa ƙasan huhu. Gara ɗaya ko biyu su tashi su tsaya. Ta kuma ce na'urar ba ta fi dogon numfashin da ake yi haka kawai ba, amfaninta mutum yana ganin numfashinsa da idonsa. Ga Inna wannan babban abu ne, don ba ta yarda da aikin da ba ta ga sakamakonsa ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Bayan la'asar jiri ya ɗebe ta, ta ce tana jin kamar kiyashi na yawo a yatsunta. Na tsorata na kira likitar. Ashe goman ta jera a guje don ta gama ta tashi. Dogon numfashi a jere ba hutu yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, shi ke kawo jirin. Daga yau za ta riƙa barin numfashi biyu ko uku na yau da kullum tsakanin kowane dogo da na gaba.

Talata, 14 ga Janairu

Maganar da nake ta kewaye-kewaye yau ta fito fili: tuya. Ba zai yiwu muna buɗe huhu sau biyar a rana, kowace safiya kuma a cika shi da hayaƙi awa uku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da itace da gawayi da makamantansu ya yi sanadin mutuwar sama da mutum miliyan 3 a shekarar 2020, kuma masu shan taba ma shawarar da take ba su ita ce su daina aƙalla mako huɗu kafin tiyata. Mu saura mana mako uku cif.

Ban kawo wa Inna waɗannan alƙaluma ba, na san ba su za su motsa ta ba. Da ƙosan nan ta biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba. Akwai masu saye da tun suna yara suke zuwa da kwano, yanzu 'ya'yansu suke aikowa. Da na ce ta huta sai ta yi shiru, can ta ce, "To, Auta, in na tashi daga gaban kasko me zan zauna in yi?" Ban sami abin cewa ba.

Kawu ne ya warware. Matarsa za ta karɓi tuyar zuwa bayan sallah, Inna za ta ci gaba da surfen wake da haɗa ƙullu a cikin gida, ita ce mai auna gishiri da attarugu, ciniki kuma a raba. Turaren wuta mun ajiye shi. An ɗaura gidan sauro.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ƙwallon farko yana tsayawa daƙiƙa uku. Na biyu yana rawa, bai tashi ba. Mun ƙara da tafiya, daga ƙofar gida zuwa masallacin bakin layi da dawowa, sau ɗaya ta tsaya ta huta. Da safe ta fitar da kaki baƙi-baƙi, ta nuna mini a tsumma tana al'ajabi. Kwana uku ke nan rabonta da gaban murhu.

Litinin, 20 ga Janairu

Hazo ya sauko jiya da daddare, yau ko ƙarshen layi ba a gani. Duk shekara ina koya wa ɗalibaina cewa da yawa daga ƙurar nan iskar hunturu take kwasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Bana ne na fara kallonta a matsayin abin da ke shiga ƙirjin mahaifiyata. Mun soke fita. Zagayen tsakar gida take yi da takunkumi, sau goma sha biyar, bayan rana ta ɗaga. Na sa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasan ƙofa da tagar ɗakinta, shara kuma sai an yayyafa ruwa.

Laraba, 22 ga Janairu

Jiya an yi suna a maƙwabta, aka aiko da soyayyen naman rago. Ta ci yanka biyu. Ƙarfe sha ɗaya na dare ciwon ya taso, irin mai tafiya har kafaɗar dama da tsakiyar baya. Ta sha maganin da aka rubuta mata, muka zauna. Babu zazzaɓi, idonta bai yi ɗorawa ba, su ne abubuwa biyun da likita ya ce in muka gani mu taho ko da tsakar dare ne. Wajen ƙarfe uku ya lafa.

Ina zaune ina kallon ƙirjinta. Numfashi take yi guntu-guntu, kamar mai tsoron kada a ji. Na ce ta gwada dogo ɗaya. Ta fara ja, ya tokare ta, ta tsaya. Da asuba da kanta ta ce, "Ashe abin da yarinyar nan take faɗa ke nan. Haka zan ji bayan aikin?" Na ce haka, ko ma fiye. Yau ba wanda ya tuna mata ko sau ɗaya. Jikan nata ya ce kafin ya shigo da azahar ta riga ta ɗauko filonta.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwaggo ta zo daga Wudil dubiya, ta tarar da Inna rungume da filo tana tari. Ta saki baki. "Ke da za a ɗinke, wa ya ce ki koyi tari? Ɗinkin zai farke. Mu a zamaninmu wanda aka yi wa aiki ko motsi ba ya yi." Na ga jikin Inna ya yi sanyi, don tsoron da ke ranta ke nan tun farko, ba ta dai furta ba.

Ba na iya musu da Gwaggo. Na dama mata fura, na zauna ƙasa, na ce ni ma na yi wa likita wannan tambayar. Ɗinkin hawa-hawa ne, na ciki da zare mai ƙarfi ake yin sa don ya jure tari da atishawa, filon kuma yana tallafe wurin ya rage zafi. Kakin da aka ƙi fitarwa shi yake komawa limoniya, mai limoniya kuwa zai yi tari dare da rana ko yana so ko ba ya so. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne." Ba ta gamsu ba, amma ba ta sake hana ta ba.

Bayan ta tafi na ɗauko maganar da ta fi damuna. Inna ta haifi bakwai, kuma abin alfaharinta shi ne ba wanda ya taɓa jin kukanta. An raine mu a kan dauriya, ina kuma girmama wannan tarbiyya. Amma ina hango yadda za ta cuce ta a gadon asibiti. Nas za ta tambaya, ta ce da sauƙi, a wuce da allurar, ita kuma ta kwana tana satar numfashi. Na roƙe ta. Ta ce bakinta ba zai iya cewa tana jin zafi a gaban mutane ba. Sai muka shirya da yatsu: daga ɗaya zuwa goma, ta nuna mini ni kaɗai, ni zan yi magana.

Talata, 28 ga Janairu

Mura. Hanci ya toshe, murya ta dushe, tari na gaske ya zo. Yaran gidan duk sun yi, ta kama. Saura mako ɗaya.

Alhamis, 30 ga Janairu

Likitan da zai sa ta barci ya gan ta yau. Ya daɗe yana sauraren bayanta, ya sa aka ɗauki hoton ƙirji. Hoton bai nuna komai ba, amma ya ce ba zai sa ta barci ranar Talata ba. Bayan mura hanyoyin iska sukan zauna a fusace na ɗan lokaci ko da mutum ya ji ya warke, ga shi za a zura mata bututu ta maƙogwaro. In suka tsuke a lokacin, fitina ce da ba dalilin jawo ta, tunda aikin ba na gaggawa ba ne. An mai da shi 11 ga Fabrairu, in ƙirjin ya washe.

Na fito raina a jagule. Na riga na karɓi hutu a makaranta, Yaya ya riga ya shirya tahowa. A cikin adaidaita sahu Inna ce take lallashina, tana cewa wani jinkirin alheri ne. Da na huce na lissafa, na ga yanzu mako huɗu cif za ta samu ba hayaƙi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na'urar ta koma ƙwallo ɗaya, shi ma da ƙyar. Mun rage zuwa biyar-biyar, mun ƙara huci. A nan na ga amfaninsa. Tari a jere yana gajiyar da ita, ya ƙona mata maƙogwaro, bai fito da komai ba. Huci biyu ko uku kuwa sai ka ji kakin ya hauro, tari ɗaya ya fitar da shi. Tana shan ruwan ɗumi sosai.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ta warke sarai. Ƙwallo biyu sun tashi sun tsaya, na ƙirga huɗu. Mun koma wurin likitar gashi, ta saurari ƙirji ta ce ƙasan huhu yana samun iska fiye da ranar farko.

Yau saukowa daga gado aka koya. A lanƙwasa gwiwa, a mirgina gefe gaba ɗaya kamar gungume, a sauke ƙafafu, a tokara da gwiwar hannu a tashi, filo a ciki. Sau biyar ta maimaita. Likitar ta ce washegarin aiki a kujera take so ta same ta, don zama da tafiya suna buɗe ƙasan huhu fiye da duk abin da za a yi a kwance.

Ta kawo wasu abubuwa biyu da ban taɓa alaƙanta su da huhu ba. A goge haƙori da harshe safe da dare, har da safiyar aikin, domin da yawa daga ƙwayoyin cutar da ke sauka huhu daga baki suke tasowa. Inna mai asuwaki ce, mun ƙara mata da buroshi. Sai lalle. Ta so ta yi ƙunshi kafin a kwantar da ita, aka ce ta bari, musamman baƙi, saboda 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa haske take aikawa ta cikinsa don auna iskar da ke jini, baƙin lalle yana iya tare shi.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An ba mu gado da hantsi. A jaka akwai filon da ta saba da shi, da na'ura, da carbi, da buroshi. Likitan barci ya sake saurare ya ce ƙirji fes. Iskar jini 96. Da farko na'urar ta ƙi karantawa saboda sanyin yatsu, sai da ta murza hannu. An gaya mana lokacin da za ta daina cin abinci da lokacin da za ta daina shan ruwa, na rubuta.

Bayan lisha ta yi gomanta biyu a bakin gado. Matar da ke gadon kusa, wadda za a yi wa aikin hanji jibi, ta tambaya ko asma gare ta. Inna ta juya ta shiga koya mata, hannu a ciki, kamar ladan, tiryan-tiryan yadda aka koya mata. Na ce wa 'yar matar ta roƙa a haɗa su da ɓangaren gashi gobe.

Talata, 11 ga Fabrairu

An shiga da ita ƙarfe tara da rabi, an fito da ita sha biyu saura. Likita ya ce aiki ya yi kyau, ya nuna wa Yaya duwatsun a 'yar kwalba. Alhamdulillahi.

Ƙarfe uku ta fara gane mutane. Robar iska a hanci, ƙarin ruwa a hannu, leɓe a bushe. Nas ta ɗaga mata kan gado. Na sunkuya na ce, "Inna, numfashi." Ba ta buɗe ido ba, amma hannunta ya tafi saman cikinta da kansa, ya sauka a gefen bandeji. Ta yi huɗu, gajeru, ta girgiza kai. Ƙarfe huɗu ta yi shida. Tari bai yiwu ba yau, huci ɗaya kawai, shi ma da ƙwalla. Na saita waya tana ƙara duk awa. In barci ya ɗauke ta ina barin ta.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Daren jiya ya yi tsawo. Wajen ƙarfe biyu na ga numfashinta ya koma irin na daren naman suna, na'urar yatsa tana nuna 92 alhali ga robar iska. Na tambaye ta zafi, ta ce da sauƙi. Na ce, "Inna, mun yi alkawari." Ta yi shiru, sannan ta zaro hannu daga bargo ta nuna mini takwas. Na je na kira nas, aka duba takarda, lokacin allura ya yi, aka yi mata. Bayan rabin awa ta yi goma cikakku, lamba ta hau 95.

Da safe zafin jiki 37.9. Likitar gashi ta zo ƙarfe goma, ta saurari baya, ta ce ƙasan dama ya yi shiru, kuma haka ta yi tsammani. Ta sa ta mirgina, ta sauko, ta zauna a kujera. A zaune ta rungume filo ta yi huci uku, tari ɗaya, kaki mai kauri ya fito. Da sauri ta leƙa bandeji. Babu ko ɗigon jini. Na ga sanda fuskarta ta saki.

A na'ura ƙwallon farko girgiza kawai ya yi, ga wadda ta riƙe biyu ranar Alhamis. Da ba a gaya mana iska za ta ragu haka ba, da hankalina ya tashi. Da yamma ta taka zuwa ƙofar ɗaki, ni a dama, Yaya a hagu.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

An cire robar iska da safe, lamba tana tsakanin 95 da 96 ba tare da ita ba. Zafin jiki 37.2. Ƙwallon farko ya tsaya daƙiƙa biyu. Ta je ƙarshen baranda sau uku.

Gwaggo ta zo da la'asar ta tarar da ita a kujera tana tari a filo. Ta tsaya ta kalla, sannan ta matso ta gyara mata filon ya zauna daidai. Matar gadon kusa an yi nata aikin jiya. Duk sanda wayata ta yi ƙara Inna takan ce, "Maƙwabciya, lokaci ya yi," su yi tare.

Likita ya ce in aka ci gaba haka ranar Asabar za a sallame mu. A gida za ta ci gaba da atisayen har sai ta koma tafiyarta ta da, kuma ba ɗaukar abu mai nauyi na mako shida. Saura maganar da ba mu taɓa ba, ta kasko bayan sallah. Yaya ya ce gobe zai leƙa kasuwar Sabon Gari ya tambayi kuɗin babbar tukunyar gas da murhun da zai ɗauki kaskon tuya. Inna ta ce ƙosan gas ba ya ƙamshi. Ban ja da ita ba, tana da goman ƙarfe tara a gabanta, na miƙa mata carbi.